"Nic Ce" da "Na Ce": Yadda Mutum Ke Kiran Kansa a Gobir da Ingila

In ciniki ya yi tsami a kasuwar Sabon Birni, mai albasa ba zai ce wa mai saye "abin da na ce maka ke nan" ba. Cewa zai yi, "Abin da nic ce ma ke nan, Alhaji, in ba ka saye aje." Direban da ya taso daga Isa zuwa Shinkafi, in yana ba da labarin hanya, haka za ka ji yana jero su: "Da nit taso, sai nig ga hadari gabas, nij ji tsoron gulbi, nis sa ƙahwa." Duk inda Bakano zai ce "na" a gajarce, Bagobiri "ni" yake cewa, sannan ya ɗauko baƙin farko na kalmar da ke biye ya manna mata a baya. Nit tahi, nib ba shi, niy yi, nik kwana. Wasu wuraren "nac ce" ake ji maimakon "nic ce", amma ninkin baƙin nan yana nan daram.

Ba nan kaɗai bambancin ya tsaya ba. "Abin da nake so" a nan "abin da nika so" ne. "Nawa ne" ya koma "nau na". In an tambayi wa ke da akuyar nan, amsar ita ce "ni ad da ita". In jama'a ne kuma, "muka" ta zama "munka", "ya gaya mana" ta zama "ya gaya muna". Haka ake magana daga Isa da Sabon Birni har Tsibiri da Madawa a ƙasar Nijar. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba haraji da tuta da harshen makaranta, amma ba ta taɓa "munka" ba.

Matsalar tana farawa ne ranar da yaro ya ɗauki biro. Ya rubuta "da nit tahi kassuwa" a littafin insha'i, malam ya zagaye ta da jan biro ya rubuta "da na tafi kasuwa" a sama. Malamin nan kuwa, da an tashi ya zauna teburin mai shayi, "nit tahi" zai ce kamar kowa. Ba laifinsa ba ne, jarrabawa daidaitacciyar Hausa take nema. Ita kuma an gina ta ne bisa karin Kano tun lokacin da Hans Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, aka zo aka kafa hukumar fassara da talifi a Zariya a shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 ta baza wannan salo ko'ina. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya yi ƙoƙari, ya riƙa nuna kalmomin da suka fito daga Sakkwato da Katsina da sauran wurare, amma littafin aji bai bi shi can ba. Sannu a hankali sai abin ya zauna a zukatan mutane cewa "na ce" ita ce Hausa, "nic ce" kuwa karkacewar bakin ƙauye ce. Masu wasan kwaikwayo suka ƙara wa abin gishiri: in ana son a nuna wanda ya shigo birni da buhu a ka yana kallon bene, sai a sa masa "munka" da "sunka" a baki.

Ga abin da masana tarihin harshe ke gani, lamarin a juye yake. "Munka" ta girmi "muka". Kano ce ta yar da "n" ɗin a hanya. Ninkin baƙin da ke cikin "nic ce" da "yaz zo" da "tab ba ni" kuwa saura ne na waccan "ka" da har yau ake gani a "munka" da "sunka" da "anka". Wasalinta ya faɗi, baƙin da ya rage ya riƙa rikiɗa yana kama da duk baƙin da ya biyo shi, daga baya a gabashin ƙasar Hausa shi ma ya ɓace. Wanda ya saba da waƙoƙin ajami na ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isan Kware, ya san da "munka" da "sunka" aka rubuta su. Akwai ma wata riba da Bagobiri ke da ita wadda boko ya hana Bakano. "Na zo" ta mai sallama da "na zo" ta cikin "lokacin da na zo" ba abu ɗaya ba ne: ta farko doguwa ce, ta biyu gajera, amma a takarda kamanninsu ɗaya, sai mai karatu ya lalubo da kansa. A Gobir ta farko "na zo" ce, ta biyu "niz zo". Ko makaho ya bambance su.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne Turancin da ake koya wa yaran nan a aji na gaba, shi ma ya bi ta irin wannan hanya, har da dariyar da ake yi wa mutanen ƙauye.

Kalmar da Bature ke kiran kansa da ita yau harafi ɗaya ce tak, "I", ana furta ta "ai". Da ba haka take ba. Ƙabilun da suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Denmak zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 da "ic" suka zo, wasu na furta ta "ik", wasu "ich". 'Yan'uwanta na nan da rai: Bajamushe na cewa "ich", mutumin Holan na cewa "ik". In aka ƙara ja da baya za a tarar da "ego" ta Latin da Girkanci, da "aham" ta Sanskirit, tsohon harshen malaman Indiya, duk tsatso ɗaya. Wani alƙalin Ingila mai suna William Jones ne ya yi fice da bayyana wannan dangantaka ta harsunan, a wata lacca da ya yi a Kalkata a 1786.

To, kalmar da baki ke ɗauka sau ɗari a wuni ba ta daɗewa da kaifinta. Kamar bakin kalme take, yawan shiga ƙasa ke cinye ta. Tun wajen ƙarni na 12 mutanen arewacin Ingila suka fara yar da baƙin ƙarshe, musamman in kalmar da ke biye da baƙi ta fara, sai ya rage "i" kawai. Kudu ta riƙe "ich" ɗinta. Gajeriyar ta yi ta gangarowa har ta ci Landan, kuma da William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476, bakin Landan ne ya hau takarda ya zama abin koyi. Furucin ma bai zauna wuri ɗaya ba: tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka yi wata babbar ƙaura, "ii" ta koma "ai". Shi ya sa yaro a Isa ke ganin harafin da ya sani da "i" a Hausa, a ce masa "ai" zai ce, ya rasa dalili. Rubutun ya tsaya inda yake, baki ya yi gaba.

Ita kuma "ich" ina ta shiga? Ƙauyukan kudu maso yammacin Ingila ta maƙale, ta zama alamar baƙauye. Marubutan wasan kwaikwayo na zamanin Shakespeare, in suna son 'yan kallo su gane manomi ne ya shigo fage, sai su sa shi yana cewa "cham" da "chill", wato "ich am" da "ich will" a dunƙule. Shakespeare da kansa ya yi haka a wasan King Lear, wajen 1606, inda ɗan wani basarake ya ɓad da kama ya ari bakin ƙauye. 'Yan birni na ta dariya, alhali abin da suke wa dariyar shi ne yadda kakanninsu ke magana. A wasu ƙauyukan Somerset an ci gaba da jin ragowar "ich" har cikin ƙarni na 19, sannan ta mutu.

Ba na cewa "nic ce" za ta bi ta. Masu faɗinta miliyoyi ne, daga Kabi har Adar, kuma ba su da niyyar bari. Abin lura dai shi ne a wuraren biyu ba daɗewa ko asali ne ya zaɓi wadda za a kira daidai ba. Inda injin buga takarda ya sauka ne ya zaɓa.

Akwai wata magana da na sha ji a bakin malamai da masu wa'azi, har da 'yan boko: wai girman kan Bature ne ya sa yake rubuta "I" da babban harafi ko a tsakiyar jimla, ya bar "kai" da "mu" da ƙanana. Maganar na da daɗin ji, kuma wanda ya karanta abin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 ba zai rasa dalilin yarda da ita ba. Sai dai tarihin rubutun bai goyi bayanta ba. Lokacin da "ic" ta koma "i", masu kwafar littattafai da hannu suka ga ɗan ƙaramin layi guda tsaye shi kaɗai yana ɓacewa a shafi, ko ya manne da kalmar da ke kusa a karanta wani abu dabam. Sai suka riƙa ja masa tsawo. An fara ganin haka tun ƙarni na 13, zuwa ƙarshen ƙarni na 14, zamanin marubuci Chaucer, abin ya yaɗu, masu injin bugu suka zo suka tabbatar da shi. Ƙanƙanta ce ta jawo mata babban harafi, ba girma ba. Da girman kai ne, da "me" da "my" ma sun samu. Bajamushe kuwa, wanda ba a san shi da ƙanƙan da kai fiye da Bature ba, "ich" ɗinsa ƙaramin harafi ce, "Sie" ta girmama wanda ake wa magana ita yake ba babba. Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara ya rubuta ajami ya san wannan damuwa: harafin da bai fito sosai ba, almajiri na gaba zai kwafe shi a karkace.

"Me" ɗin nan ma ba daga "ic" ta fito ba. Tushensu dabam tun fil azal, haka suka taho a jere, kamar yadda Latin ke da "ego" da "me". Malaman nahawun Ingila na ƙarni na 18, da suka ɗauki Latin a matsayin ma'auni, sun yi ta fama a daina cewa "it is me" a koma "it is I". Mutane suka ji, suka ci gaba da abinsu. Turancin Buroka na kudancin Najeriya bai ma tsaya wannan gardama ba, "na me" ya ce ya wuce.

Tamu "ni" dangin wasu ce can dabam. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 kafin ya shahara da rarraba harsunan Afirka gida-gida, ya sa Hausa da sauran harsunan Chadi cikin babban gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Misira ta dā da na Buzaye, kuma wakilan suna na cikin hujjojin da aka fi dogara da su, don ba kasafai harshe ke aron su daga maƙwabci ba. Ana aron "mota" da "sabulu" da "alƙali", amma da wuya a ari "ni". Ka saurari Buzun da ya kawo raƙuma ko kanwa: "nak" yake cewa. Balarabe ya ce "ana", a ƙarshen aikatau kuma ya ce "ni", kamar a "a'ɗini", wato ba ni. Wannan "n" ba haɗuwar hanya ba ce. Haɗuwar hanya ita ce ta Zabarmanci, inda mutum ke kiran kansa "ai" daidai da Bature ba tare da wata dangantaka ba, sannan, don a ƙara rikita Bahaushe, "ni" a wurinsu tana nufin "kai".

Duk da haka, in ka zauna ka ƙirga, za ka ga mutanen nan ba su cika son fitowa da "ni" fili ba. Mutum shi kaɗai a kan babur, an ba shi ruwa ya sha, sai ya ce "mun gode". Ya je gaban Sarkin Gobir ya durƙusa shi ɗaya tilo: "Ranka ya daɗe, mun zo gaisuwa." Sarki ma ya amsa da "mun ji, mun gode", sai "mu" biyu suka haɗu, ɗaya ta ƙanƙan da kai, ɗaya ta sarauta, kuma babu wanda ya ruɗe a fadar. Ingila ta san ta biyun. Ana danganta shigarta takardun fada da ƙarshen ƙarni na 12, zamanin Sarki Richard na Ɗaya. Ta farkon ce ba su da ita sosai, shi ya sa da Firaminista Margaret Thatcher ta fito a 1989 ta ba da labarin samun jika da "mu", jaridu suka yi mata ca, wai ta ɗauki kanta sarauniya. Da a Isa ne wata dattijuwa ta ce "mun samu jika", barka kawai za a yi mata.

Bayan "mu" akwai wata mafakar da ta fi ta zurfi, wato "a" da "an". Matar da ke jin nauyin mijinta gaban baƙi ba za ta ce "in kawo ruwa?" ba, sai "a kawo ruwa?" Yaron da ya fasa tulu ya ce "an fasa tulu". Magidanci ya gina gida da guminsa, a yi masa murna, ya ce "ai an ɗan taɓa". Kunya ce wani lokaci, wani lokaci tsoron baki, wani lokaci kuma zillewa ce tsagwaronta. A 'yan shekarun nan "an" ta ɗauki wani kaya mai nauyi a wannan yanki. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, har dubban mutane suka ƙetara zuwa yankin Maraɗi daga 2019, in ka ji ana hira da mutumin ƙauye a rediyo, "an shigo muna da dare, an kore shanu, an aza muna kuɗi" za ka ji. Ya san ko su wane ne. "An" ɗin ce ke ba shi damar komawa gida ya kwana.

Malamai ma sun taimaka wajen sa wa "ni" takunkumi. Suna yawan tuna wa almajirai cewa da ita Iblis ya buɗe baki ranar da ya ƙi bin umarni. Suna kuma kawo hadisin Jabir ɗan Abdullahi, wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka tambayi ko wane ne, ya amsa da "ni", Annabi ya maimaita kalmar kamar bai so ba. Dalilin a fili yake, "ni" ba ta gaya wa na cikin ɗaki komai. Amma je ka yi sallama a kowane zaure bayan isha'i ka ji. "Wa a nan?" "Ni na." Sai na ciki ya tsaya yana auna murya.

Wani abu guda da Turanci ke da shi a dā ya yar, shi ne "wit", wato mu biyu, ni da wani guda, dabam da "we" ta taro. Ta ɓace wajen ƙarni na 13. Ɗalibin Larabci zai tuna "antuma" da "huma", sai dai ko Larabci bai ware wa masu magana su biyu kalma ba, "nahnu" ce ta kowa. Fulanin da ke zagaye da mu kuwa sun yi wani rabon da ya fi wannan amfani: "enen" mu har da kai da nake wa magana, "minen" mu ban da kai. Hausa ba ta da wannan, Turanci ma haka. Shi ya sa in ɗan siyasa ya hau mumbari lokacin zaɓe ya ce "mun ci, za mu sha romo", babu yadda za a yi mai sauraro ya san ko yana cikin "mu" ɗin. Da Fulatanci ne da tilas ya zaɓi ɗaya.

Inda "ni" ke fitowa da ƙarfinta kuwa sananne ne. Gaban alƙali, inda "an" ba ta karɓuwa, sai an ce wa ya yi. Wajen rantsuwa. Bakin mace in abin mamaki ko na takaici ya same ta, ta dafe ƙirji ta ce "ni 'yasu!" Sai fagen dambe da kokawa bayan kaka, inda saurayin da ko ido ba ya haɗawa da surukinsa zai ɗaga hannu ya yi kirari, kowace gaɓa da "ni" take farawa, kuma ba mai cewa ya yi rashin kunya, don fagen na haka ne. Makaɗan fada ma suna da wannan izni. Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya shahara da wasa kansa da gwanintarsa a tsakiyar yabon ubangidansa, musamman a waƙarsa ta Bakandamiya, kuma da bakin nan na "nic ce" da "munka" ya yi ta. Mutanen Kano da Zariya da ke yi wa direban Isa dariya sun haddace waƙoƙin nan baƙi da wasali, suna rerawa da ninkin baƙin da komai, ba wanda ya taɓa cewa a gyara wa Narambaɗa Hausa.

Masu nazarin waƙoƙi irin nasa a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya ma sukan rubuta wannan karin yadda yake, don in aka mai da "niz zo" ta koma "na zo" ma'aunin waƙar ya karye. Sukan rubuta baƙin sau biyu, ɗaya a jikin wakilin suna, ɗaya a farkon aikatau, da tazara a tsakani. Matasan Sabon Birni da Isa da ke rubutu a WhatsApp da Facebook yawancinsu ba su taɓa ganin littattafan masu nazarin nan ba. In za su buga da yatsa, "na ce" ta makaranta ke fitowa, ko kuwa kowa ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi, wani "nicce" a haɗe, wani "ni ce", wadda mai karatu daga Kano zai ɗauka mace ce ke gabatar da kanta. Da yawa sun huta da wannan wahala, sun koma danna maɓallin murya.